Hannun Da Ya Shiga Fim

A ɗakin jiran likitan haƙori, talabijin na nuna fim ɗin 'yan tsana na yumɓu. Wata dattijuwa sai ƙyaƙyata dariya take yi, magidancin da ke gefenta kuwa ya sunkuyar da kai.

"Ɗan nan, haƙorin ne ya hana ka dariya?"

"Ina ma shi ne, Mama."

"Ni kam ina son irin waɗannan. Wai da hannu ake yi, a ɗan gusa ɗan tsana, a ɗauki hoto, a sake gusawa. Dubi, har shatin yatsa ana gani a kumatunsu."

"Na sani, sai dai a makare na sani. 'Yata ta yi sati uku tana irin wannan a kan teburin cin abinci, da waya jingine da kofi. Na dawo daga aiki a gajiye, na ce ƙatuwa da ke kina wasan ƙasa? Na tattara 'yan tsanarta na dunƙule."

"Subhanallahi! Me ta yi?"

"Washegari ta turo min fim ɗin. Ashe ni ta ƙera, har da tabarau da tumbi. Ga ni na shigo gida, yara sun rugo, na buɗe hannu zan rungume su."

"Sai kuma?"

"Sai wani ƙaton hannu ya sauko ya kwashe kowa. Da agogona a jikinsa."

Dattijuwar ta kama haɓa. "To ai sai ka sayo mata wani yumɓun."

"Na sayo, Mama. Ta sake ƙera kowa, har kyanwar gidan." Ya dubi takalminsa. "Ni ne dai har yau ba ta ƙera ba."