Shanun Huɗar Malam Bilya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Dattijo. Mai girma wakilin Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Sarkin Pawa da Sarkin Kasuwa. Jami'in yaƙi da jahilci da ya taso takanas daga Kano. Malaminmu, Malam Bilya. Iyayenmu mata da ke can gindin darbejiya. 'Yan'uwana ɗalibai, masu furfura da masu ɓoye ta a ƙarƙashin hula. Jama'ar Wudil da Utai da Achika da Ɗankaza, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Maikano, falken shanu, kuma monitan ajin Turanci na manya da ake yayewa yau. In kun ga bakina ya ƙi rufuwa, ku yi mini uzuri. Ni da na tsufa ban san yadda ake riƙe fensir ba, yau ga ni gaban lasifika, har Sarkin Pawa yana saurarona bai katse ni ba!

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga hedimasta da ya ara mana aji bayan la'asar, muka cusa gwiwoyinmu a bencin yara har biyu suka karye. Ina godiya ga matanmu da suka jure jin mu muna gunaguni a zaure, suna tsammanin zazzaɓi ne. Maganata uku ce.

Ta farko, abin da ya kai mu da abin da muka samo. Kun san tun da arzikin man fetur ya buɗe, shanunmu a tirela suke tafiya Ikko. A hanya Turanci, a banki Turanci, a asibiti Turanci, mu kuwa sai gyaɗa kai muke kamar ƙadangaru. Da muka zo, Malam Bilya ya ce kalmomin Bature shanun huɗa ne, bibbiyu suke tafiya: ga kalmar aiki, ga sunan abin da take ja, in ka haɗa ta da wanda ba nata ba sai garma ta karkace. Jama'a, mun ga abin mamaki! Mu nan mura ce take kama mutum, shi Bature shi ne yake kama mura. Magani ba ya sha, ɗauka yake yi. Mota ba ya shiga, kama ta yake yi, sai ka ce akuya ta tsinke. Ziyara kuwa ba ya kaiwa, biya yake yi. Na tambayi Malam dalili, ya ce, "Baba Maikano, babu dalili, haka iyayensu suka haɗa su."

Ta biyu, yadda ya koyar da mu. Malam Bilya ɗan manomi ne, don haka mu ma sai ya haɗa mu bibbiyu, yana duban tsayi, yadda ake haɗa shanu. Ɗaya ya riƙe kalmar aiki, ɗaya ya riƙe suna. Ka faɗi taka, abokinka ya faɗi tasa, sannan ku aikata abin da kuka faɗa a gaban aji. In abokinka bai zo ba, ranar kai kurma ne. Saboda haka kowa ya zama ɗan doka a kan ɗan'uwansa. Ni Sabo mahauci aka ba ni, kuma na sha zuwa na janyo shi daga teburin nama da wuƙa a hannu. Ranar da muka yi darasin kama mura, na bi shi da gudu muka zagaye aji, yana atishawa, ni kuma rawanina yana warwarewa a baya.

Ta uku, ita ce ta sa na karɓi lasifikar nan, kuma ina roƙon shugaba ya ƙara mini haƙuri. Duk wanda ke nan ya san Gwadabe da ƙanensa Haladu, 'ya'yan yayata Indo, uwa ɗaya uba ɗaya. Kowa kuma ya san shekara da shekaru ba sa ga maciji, a kan wata ɗorawa da ke iyakar gonar marigayi ubansu a Achika. Ɗorawar tana nan tana 'ya'ya, tsuntsaye na sha, su kuwa ko a makabarta ba sa gaisawa. Bana Allah ya buɗa musu, kowannensu ya je wa uwarsu a ɓoye zai kai ta Makka. Ta ce da kowanne, "Ba zan je ɗakin Allah in bar nawa ɗakin a rabe ba." Ko zama gaban mai hoton fasfo ta ƙi yi. Ga shi an kusa rufe rajistar maniyyata, ga ƙafa ta fara gardama, ga ido ya fara hazo. Wallahi ina tsoro, jama'a, ina tsoron in bana ta wuce, baɗi ba za ta iya hawa matakalar jirgi ba.

To, Malam Bilya baƙo ne a garin nan, bai san komai ba. Ranar farko ya dube su, ya ga tsayi ɗaya, hanci ɗaya, ya ce, "Kai da kai." Ni monita na kafa wa silin ido. Da aka raɗa masa daga baya, sai ya ce shi bai taɓa kwance shanu a tsakiyar gona ba, kuma ba zai fara a Wudil ba.

Haka suka yi ta yi. Gwadabe ya faɗi tasa yana kallon gabas, Haladu ya faɗi tasa yana kallon yamma. Kuma abin haushi, sun fi kowa iyawa! Ranar da Haladu ya makara, Gwadabe da kansa ya je ya tsaya a ƙofar gidansa da sabon babur, yana danna ham har Haladu ya fito ya hau baya. Na ruga wurin yayata da murna, na ce, "Yaya, sun yi magana a aji, a kira mai hoto!" Ta ce, "Da wane harshe?" Na ce da Turanci. Ta ce, "Maikano, wannan karatu ne, ba gaisuwa ba."

Sai darasin ƙarshe. Ashe Bature ba ya ba da hannu, girgiza shi yake yi. Gwadabe ya faɗi kalmar girgiza, Haladu ya faɗi kalmar hannu, lafazi tsaf, amma kowa hannunsa na cikin aljihu. Malam ya ce an faɗa, ba a aikata ba. Shi ya sa kuka ga an raba wa kowa takardar shaida, biyu suna nan kan tebur an danne su da dutse.

Gwadabe, taso. Haladu, taso. Ba monita ke kiran ku ba, kawunku ne. Ku zo nan gaban Liman, inda uwarku za ta hango ku. Yauwa. Gwadabe, faɗi taka. Madalla. Haladu, faɗi taka. Madalla. To, saura aiki. Jama'a, a yi shiru. Gwadabe, kai ne babba, kuma kalmar aikin a hannunka take. Ba na roƙon ka don takarda, ba na roƙon ka don ɗorawa, ina roƙon ka don tsohuwar can da ta goye ku a baya ɗaya.

Allahu Akbar! Ya fito! Ku duba, hannu ya fito daga aljihu! Ku girgiza, ku girgiza sosai, Malam yana kallo! A dakata da tafi, mata a riƙe guɗa tukuna, Haladu yana magana. Na baya, ba ku ji ba, bari in maimaita muku. Cewa ya yi, "Yaya, ina wuni?" Gwadabe ya ce, "Lafiya lau, ya yaran?" Da Hausa, jama'a, da Hausar Wudil! Yaya Indo, kin ji? Wannan karatu ne ko gaisuwa? Me ta ce? Ta ce a gaya wa mai hoto ya zo gobe da safe, kuma ya jira ta ɗaura sabon kallabi!

Ku gafarce ni, wannan ba murar Sabo ba ce, hawaye ne.

Allah ya saka wa Malam Bilya da alheri, ya yi wa iliminsa albarka. Allah ya kai yayata Makka lafiya, ya dawo mana da ita lafiya, ta tarar da 'ya'yanta a kan tabarma ɗaya. Allah ya daidaita duk wasu 'yan'uwa da ke cikin taron nan da hannu a aljihu. Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Malam, a ɗage dutsen nan.

Na gode.