Surukina ya tura min mota

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, ya aiki, ya jama'a. Ni ne Ɗanladi na Barade, wanda ake ce ma Injiniya a majalisa, don daga jin kukan mota nake faɗin ciwonta. To yau dai bakina ya mutu.

Motata tana da wani hali. Wata rana ina murɗa ki zata tashi kamar sabuwa, wata rana tace ƙas ƙas tayi shiru. In ta kwana biyu a ajiye, batir ya sauka. Na canja batir, mai wayarin ya duba yace altaneta, wato abin da ke cajin batir, lafiya lau. Sai na samo dabara, duk inda naje a gangara nake fakin don in ta ƙi tashi in sake ta ta gangara ta tashi, ba wanda ya gane.

Ran Asabar na kai madam gaida Baffanta a Kona. Ƙofar gidan shi kuwa a shimfiɗe take kamar faranti. Da zamu tafi ya rako mu yana sa min albarka. Na murɗa ki, shiru. Kowa ya tafi gona. Dattijon nan ya naɗe babbar riga ya kama turi. Mota ta tashi, shi kuma ya kife a taɓo. Ni tsoro na kar ta sake mutuwa, wallahi ban tsaya ba, a madubi na ga yana laluben hula.

Masu sauraro, me yake shanye batir ɗin nan? Kuma da wane ido zan koma gidan? Madam har yanzu bata min magana. Baffa kuwa jiya ya aiko a tambaya ko mun iso lafiya.