Ayar da Ta Fito a Fuskar Waya

A rumfar mai cajin waya a Ƙofar Wambai, wata dattijuwa ta kife wayar da ke kusa da tata. Ilu, mai wayar, ya matso da sauri.

"Taka ce, ɗana? Ayar Littafi Mai Tsarki ta fito a fuskarta, kowa na gani."

"Tawa ce, Hajiya. Kullum sai an turo min aya."

"To kashe saƙon, ka sa wa wayar makulli. 'Yan gidanku sun sani?"

"Ba su sani ba. Amma tunda na karɓi Yesu na bar ƙarya. An ce mu yi zaman tsarki. Ɓoyewa ba ƙarya ba ce?"

"Kai ma dai! Rufe ƙofar ɗaki ƙarya ce? Lambobin waɗanda kuke addu'a tare suna ciki, ko? Ranar da aka buɗe wayar nan, ba kai kaɗai za a nema ba."

Ilu ya ɗauki wayarsa.

"Ya aka yi kika gane ayar?"

Ta gyara mayafinta, ta dubi hagu da dama.

"Tun kafin a haife ka nake rufe tawa ƙofar, har na gaji. Miƙo, in nuna maka inda ake kashewa."