Sifes Ya Kusa Kashe Min Goggo

Salamu alaikum, Malama mai gabatarwa, sannunki da aiki. Ni ce Hauwa daga Bekaji, sana'ata buga takardu a kwamfuta.

Goggona ba ta gani, amma tana karanta rubutun makafi da yatsa. Na buga mata jerin magungunanta, suna a hagu, adadin ƙwaya a dama, na yi ta danna sifes, wato maɓallin ba da tazara, a tsakani har ya yi kyau. Wani malamin makafi ya juya mata shi zuwa rubutunsu.

Da na je gaishe ta, na tarar ta ɓallo maganin hawan jini uku. Na ce, "Goggo, ɗaya ne fa!" Ta ɗora yatsana kan takardar ta ce, "Ga shi, uku kika rubuta." Innalillahi! Ashe layin takardar makafi gajere ne, sifes ɗina ya tura kowane adadi ƙasa, ya manne da magani na gaba.

Masu buga takardu, don Allah ku ajiye adadi dab da sunansa, ku bar wa ido kwalliya. Ina gaida Goggo, wadda yanzu sai ta kira ni kafin ta haɗiyi ƙwaya.