Ƙudan Zuman Baranda

A wani shagon kyamarori a Wuse, Christiana, mai ɗaukar hoton ƙwarin gona a garin Sheda, ta ga wani dattijo yana ta jujjuya gilasan kyamara biyu, dogo da gajere, ya rasa na zaɓa.

"Baba, hoton me za ka ɗauka?"

"Ƙudan zuma, 'yata."

"To ɗauki gajeren, ba shi da nauyi. Amma fa sai ka matsa dab da ƙudan."

"In na matsa ya tashi fa?"

"Sai wani ya zo. Ai suna da yawa a gonakin da nake ɗaukar hoto."

"A gonakinku ke nan. Nawa guda ɗaya ne. Wata fulawa marigayiya matata ta shuka a baranda, kullum da hantsi yana sauka a kanta. Yara duk suna Turai. Maƙwabta kuwa, a Maitama, katangarsu kawai na sani."

Christiana ta sassauta murya.

"Da dogon za ka tsaya nesa, Baba, amma yana da nauyi. Hannunka zai yi rawa, hoton ba zai fito tas ba."

Dattijon ya tura wa mai shago dogon.

"Ya yi ta rawa. Gara hoton ya lalace da in kori mai zuwa gaishe ni."