Iskar da ke cikin Idirisa

Sauda: Alo? Salamu alaikum.

Rabi: Amin alaikumus salam. Yaya Sauda, ina wuni?

Sauda: Lahiya lau. Ya gajiya, ya yara?

Rabi: Suna lahiya. Ya mutanen Tibiri? Ya ƙafar Inna?

Sauda: Da sauƙi. Ke, wace hayaniya nake ji? Kina kasuwa?

Rabi: Ina asibiti.

Sauda: Ina? Rezo ba kyau, ɗaga murya.

Rabi: Asibiti na ce. Baban su Malika ne, jiya aka yi mashi aiki.

Sauda: Idirisa? Subhanalillahi. Ciwon nan ne dai da kika ce ya kwaso wajen matan tasha?

Rabi: Yaya, don Allah kar ki sake faɗin haka. Ba shi ba ne.

Sauda: Ke fa kika ce min yana dafe mara, yana tahiya a duƙe, ga zazzaɓi, kuma bai son ki taɓa shi.

Rabi: Ni na ce. Ashe ƙurji ne can ciki. Likita ya ce akwai wani nama da ya taso daga ƙashin baya, ya bi ta bayan hanji ya sauka cinya. Nan mugunya ta taru, shi ya sa ƙafar ta ƙi miƙewa. Da aka sa shi a sikana sai aka ga har da iska a ciki.

Sauda: Iska? Iskoki suka shige shi?

Rabi: Ba iskoki ba. Iska dai, kamar kumfa. Wai ƙwayoyin cutar ne ke fidda ita. Yana da ciwon sukari bai sani ba, shi ya ba su wuri. Likitan ya ce shekararshi sha biyar yana aiki, wanga ne na biyu da ya gani, na farkon kuma bai tashi ba.

Sauda: Inna lillahi. To ya jikin?

Rabi: Ya farka. An sa mashi tiyo a kwiɓi, abin na ta zuba. Yaya, mako uku na raba shimfiɗa da bawan Allah nan. Kwanonshi ma daban na ware. Yana nishi, ina ce mashi ya je wadda ta ba shi ta yi jinya. Da ya faɗi a Jiratawa wajen lodin albasa, abokan aikinshi suka kawo shi, ba ni ba.

Sauda: To kin roƙe shi gafara?

Rabi: Ban shiga ba.

Sauda: Mi?

Rabi: Tun safe ina waje gindin iccen bedi da kular kunu. Ƙanwarshi ta fito sau biyu, wai yana tambayata. Da wane ido zan dube shi?

Sauda: Tashi ki shiga, kunun zai huce.

Rabi: Zan shiga. Amma faɗa min, maganar da na yi maki, ba ki gaya wa kowa ba ko?

Sauda: Alo? Ba na jin ki sosai.

Rabi: Kina ji na, Yaya.

Sauda: Inna kawai. Ita kuma ta gaya wa Yaya Tanimu.

Rabi: Wayyo ni. Mi ya ce?

Sauda: Ya ce ba za a kashe mashi ƙanwa da cutar banza ba. Ɗazu ya hau moto, wai zai sami Idirisa gaban ƴan'uwanshi. In ya je gida za a ce mashi kuna asibiti.

Rabi: Kira shi yanzu, ni kiredina ya kusa ƙarewa.

Sauda: Ya bar salularshi nan tana caji. Rabi, ki yafe min, ni ma na...

Rabi: Tsaya. Ga shi can yana kafe moto bakin ƙofa. Bari in riga shi shiga.

Sauda: Mi za ki ce masu? Rabi? Alo?