Da Yaren Gida Aka Kama Ni

Mai girma shugaban 'yan kasuwar Vietnam na Prag, dattijo Khuat. Iyayenmu mata da suka kwana naɗe shinkafar sabuwar shekara. 'Yan'uwana masu rumfa da masu bin rumfa, barkanmu da shekara. Na gode da kuka ba ni lasifika kafin miya ta huce.

Da farko, jinjina ga yaren Cek na ƙasar nan da muke baƙunta, garkuwar mashaya taba! Da shi nake ciniki, da shi nake zagin direba, amma da likita ya ce, "Malam Vien, bar taba," sai kunnena ya koma baƙo. In yi murmushi, in ce, "Ban gane ba." Na tsufa a inuwar wannan rashin ganewa.

Na biyu, inuwar ta yaye. Matar ɗana, Nguyet, ta haifa mini jika, na miƙa hannu, ta janye shi. Ta ce, "Baba, rigarka warin toka take. Ga lambar masu taimakon barin taba." Na kira ina shirin rashin ganewa, sai wata Tuyen ta ɗauka da yarenmu tsantsa: "Baffa, wannan karin harshen na Nam Dinh ne. Kara nawa a rana?"

Na ce, "Uku, 'yata."

Ta ce, "Baffa, tarin nan ba na uku ba ne. Mutanen Nam Dinh ko farashi ba sa ragewa haka."

Jama'a, ina zan ɓuya? Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi wa'azi ba. Kira take kawai, da ladabi mai ban tsoro. Ta koya mini tauna ƙwayar kabewa maimakon taba har na zama aku.

Na uku, roƙo. A wurinmu miƙa taba gaisuwa ce, ƙin karɓa raini ne. Ku yafe mini rainin. Ku miƙo shayi, ku miƙo lemo, ku miƙo zagi ma, zan karɓa da hannu biyu. Yau Nguyet ta zo da yaron, ga ta can bakin ƙofa. Za ta shinshina rigata, in na ci jarrabawa in ɗauke shi.

Allah ya ba mu shekarar lafiya, ya buɗe kasuwa, ya wanke huhu, ya raya jikokinmu. Na gode.

Sai dai, shugaba Khuat, hayaƙin nan da ke tasowa daga ƙarƙashin teburinka yana shiga rigata: in ce wa Nguyet turaren da muke ƙona wa kakanni ne, ko kai za ka je ka yi mata bayani?